Ibadar yau da kullum da dogara ga Allah a wurin Kiristoci masu jin Hausa a Tawa da Yamai

Ibadar yau da kullum ita ce abin da Kirista yake yi tsakaninsa da Allah a sauran kwanakin mako bayan sujadar Lahadi: addu'ar asuba da ta dare, karatun Littafi Mai Tsarki, waƙoƙin yabo, azumi, da gaida 'yan'uwa masu bi a lokacin ciwo ko rashi. A wurin Kiristoci masu jin Hausa a Jamhuriyar Nijar, musamman na jihar Tawa da waɗanda aiki ko karatu ya kai su Yamai, wannan ibada ba ta rabuwa da abin da suke kira dogara ga Allah, wato mutum ya jingina kansa da iyalinsa ga Ubangiji sa'ad da hatsi ya ƙare a rumbu, ko ciwo ya shigo gida, ko maigida ya tafi bida, wato ci-rani, aka daina jin ɗuriyarsa. Ƙidayar jama'a ta 2012 ta nuna cewa Kiristoci ba su kai kashi 1 cikin 100 na mutanen ƙasar ba. Saboda haka akwai garuruwa da yawa da gida ɗaya ko biyu ne kawai na masu bi, majami'a kuma tana da nisa, sai nauyin riƙon bangaskiya ya koma kan abin da ake yi a tsakar gida.

Asali

Mishan ɗin SIM (Sudan Interior Mission), wata ƙungiyar masu bishara ta Furotesta, ta fara aiki a Damagaram a 1924, daga nan ta buɗe tasha a Tsibiri kusa da Maraɗi, kuma da harshen Hausa ta yi wa'azinta da koyarwarta tun daga farko. A 1950 ta buɗe asibitin Galmi, a kan babbar hanya tsakanin Birnin Ƙonni da Madawa cikin jihar Tawa, garin da aka fi sani da albasarsa. Daga wannan aiki ne ikilisiyar EERN, wato Ikilisiyar Bishara ta Jamhuriyar Nijar, ta fito a daidai zamanin samun 'yancin kai, daga baya kuma wasu ƙungiyoyi suka ɓalle daga cikinta. Katolika sun kafa mishan a Yamai a 1931, garin ya sami bishop nasa a 1961, a 2001 kuma aka yanke yankin bishop na Maraɗi wanda jihar Tawa take ƙarƙashinsa. A 2014 aka naɗa Laurent Lompo babban bishop na Yamai, shi ne ɗan ƙasa na farko da ya hau wannan kujera. Yawancin Katolikan Yamai Gurmawa ne da 'yan asalin Benin da Togo da Burkina Faso, amma a Dogon Dutsi da wasu garuruwan gabas akwai masu yin sujadarsu da Hausa.

Abin da ya fi kome tasiri ga ibadar gida shi ne samun Littafi Mai Tsarki da harshen da ake magana da shi a kasuwa da gona. An buga shi cikakke da Hausa a 1932, aka fito da sabuwar fassara a 1979, kuma tare da Littafin Waƙoƙi da ake amfani da shi a arewacin Nijeriya, su ne littattafai biyu da za a tarar a kusan kowane gidan mai bi, ko da babu wani littafin a ɗakin. Tsofaffi da dama da ba su taɓa shiga lakwal ba sun koyi boko ne don su iya karanta waɗannan biyun.

Kalmomin da ake ibadar da su

Kalmar bangaskiya daga ba da gaskiya ta fito, ita ce masu fassara suka zaɓa a inda Musulmi zai ce imani. Dogara kuwa kalmar jiki ce kafin ta zama ta zuciya: tsoho yana dogara sanda, mai ciwon ƙafa yana dogara bango. Masu wa'azi a karkara suna son wannan hoto, domin duk wanda ya taɓa ganin dattijo ya saki nauyinsa a kan sanda ya san cewa ba a dogara da rabin jiki. Sauran kalmomin, irin su haƙuri, tawakkali, nufin Allah, alheri da albarka, Kirista da maƙwabcinsa Musulmi duk suna amfani da su, haka ma karin magana: haƙuri maganin zaman duniya, ko kuma bakin da Allah ya tsaga ba ya hana shi abinci. Baƙon da ya ji mata biyu suna gaisuwar rashin lafiya a Tawa, ɗaya ta ce, "Inna, ya jikin yaron?" ɗayar ta amsa, "Da sauƙi, mun gode Allah," ba zai gane addinin kowacce ba.

Bambancin yana fitowa ne a cikin addu'ar kanta. Kirista yana kiran Allah Uba, kamar yadda addu'ar Ubangiji ta fara a Matiyu sura 6, yana kuma roƙo cikin sunan Yesu Almasihu, wanda a bangaskiyarsa ya sha yunwa da gajiya da ƙiyayya kafin gicciye. Saboda haka mai shan wuya ba ya ganin kansa a gaban Sarkin da bai san zafin abin ba. Daga nan ne wani abu ya biyo baya wanda ya saɓa wa tarbiyyar Bahaushe, wato izinin yin kuka a gaban Allah. Al'ada ta koya wa mutum ya haɗiye damuwarsa, ya amsa da "lafiya lau" ko da gidansa ya kwana da yunwa. Amma Zabura 13 ta buɗe ne da tambayar Ubangiji har yaushe zai manta da mai roƙo, Zabura 88 ta ƙare cikin duhu ba tare da wata amsa ba, Ayuba kuma ya yi ta kai ƙara sura bayan sura. Wannan, a ganina, shi ne alheri mafi girma da karatun Zabura ya kawo wa gidajen masu bi, musamman mata: matar da kunya ba za ta bar ta ta faɗa wa surukarta halin da take ciki ba, tana iya faɗa wa Allah dalla-dalla, da hawaye, ba tare da an ce imaninta ya yi rauni ba.

Yadda ake yin ta

A gidan mai bi a Tawa, addu'ar safe takan zo daidai da kiran sallar asuba, domin shi ne agogon unguwa duka. Ana shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗaki, a haska fitilar hannu ko ta wayar salula, a rera waƙa ɗaya a hankali don kada a dami maƙwabta. Sau da yawa yaron da ya fi iya karatu ne ake miƙa wa littafin, wanda bangonsa ya sha ɗinki da zare, yana bin layi da yatsa, uban yana gyara masa inda ya yi tuntuɓe domin shi ya haddace wurin tun tuni. Zabura 23 da 121 suna cikin waɗanda aka fi komawa gare su, tare da Ishaya 41:10, Karin Magana 3:5-6 da Filibiyawa 4:6-7. Bayan karatu sai a ambaci buƙatu da sunayensu: wanda yake Abijan ko Libiya, kuɗin makaranta, saniyar da ta ƙi kiwo, ruwan da ya yi jinkiri. Duka bai fi minti 15 ba, uwar gida ta tashi ta hura wuta.

A tsakiyar mako akwai taron addu'a a majami'a ko a gidan wani dattijo, inda ake ba da shaida, wato mutum ya miƙe ya faɗi abin da Allah ya yi masa. Zumuntar mata ita ce ƙashin bayan wannan duka. Su ne masu zuwa gaida mai jego da mai takaba, masu tara 'yan dala-dala a ɗaure a bakin zane don wadda aka rubuta wa ɗanta takardar magani ba ta da kuɗin saye, kuma waƙoƙin da suke ƙirƙira da tulu da kacau-kacau sun fi wa'azi daɗewa a bakin yara. Katolika suna da carbin rozari, da azumin kwana 40 kafin Ista, da ƙananan tarukan unguwa. A Yamai, inda ake cuɗanya Faransanci da Zabarmanci da Hausa a sujada guda, ikilisiyoyin Fentikos sun yawaita kwanan addu'a, matasa kuma suna tura wa juna ayar safe ta WhatsApp.

Inda ake gwada ta

Gwaji na farko shi ne abinci. Damina a Adar, wato yankin Tawa, gajeriya ce, kuma a gidaje da yawa hatsin bara yakan ƙare tun kafin sabo ya nuna, a watannin Yuli da Agusta, daidai lokacin da noma yake neman ƙarfin jiki. Manyan fari na 1973 zuwa 1974 da na 1984, da yunwar 2005 wadda ta biyo bayan farin ɗango da ƙarancin ruwa na 2004, har yanzu da su tsofaffi suke lissafin shekaru. A irin wannan ƙasa, roƙon abincin yini da ke cikin addu'ar Ubangiji ba ya buƙatar sharhi: tiya ɗaya ta hatsi ake nufi. Haka nan ƙarshen littafin Habakuk, inda annabi ya ce zai yi murna da Ubangiji ko da gonaki ba su ba da abinci ba, garke kuma ya zama wayam, manomi yana jin sa kamar a kan gonarsa aka rubuta.

Sai dai koyarwar ikilisiyoyin ba ta ɗauki dogara a matsayin naɗe hannu ba. Ana haɗa Matiyu 6, inda Yesu ya hana damuwa da gobe, da labarin Yusufu da ya tara hatsi shekara 7 a Masar, da gargaɗin Bulus ga Tasalonikawa cewa wanda ya ƙi aiki kada ya ci, abin da Bahaushe ya riga ya taƙaita da cewa Allah ya ce tashi in taimake ka. Misali sananne shi ne na Tony Rinaudo, ma'aikacin SIM ɗan Ostareliya, wanda dashen itatuwansa ya yi ta mutuwa a yankin Maraɗi. Shi da kansa ya sha faɗin cewa bayan ya yi addu'a cikin karayar zuciya a 1983 ne ya lura cewa 'yan tsirran da ke cikin gonaki toho ne na kututturan itatuwa masu rai a ƙarƙashin ƙasa. Dabarar barin tohon da gyara shi, wadda ake kira sassaben zamani, manoma ne suka yaɗa ta da hannunsu, mafi yawansu Musulmi, har ta mai da itatuwa a miliyoyin kadada.

Bida gwaji ne na dabam, kuma mata ne suke ɗaukar kayansa. Da an gama girbi, samari da magidantan Tawa suna kama hanyar kurmi, wato ƙasashen kudu na bakin teku, ko ta arewa, a bar mace da yara da tsofaffi wata da watanni, tana jiran kira ko saƙon kuɗi. Ga wanda kuma ya karɓi bangaskiyar Kirista daga dangin da ba Kirista ba, akwai wuyar samun mata ko miji, da rabon gado, da wurin da za a binne shi.

Ranakun 16 da 17 ga Janairu 2015 sun kawo gwajin da ba a saba da shi ba. Zanga-zangar nuna fushi kan zanen wata jaridar Faransa ta rikiɗe, aka fara a Damagaram, kashegari aka koma Yamai, inda 'yan sanda suka ƙirga majami'u 45 da aka ƙona, mutum 10 kuma suka rasu a garuruwan biyu. Shugabannin ikilisiyoyi sun yi kira da a gafarta, aka ci gaba da sujada a cikin gine-ginen da suka ƙone da ƙarƙashin rumfuna, kuma masu bi da yawa ba su manta da maƙwabta Musulmi da suka ɓoye su a gidajensu ba. Umarnin Matiyu 5:44 na ƙaunar maƙiyi, wanda yake da sauƙin karantawa, ya zama aikin watanni a zukatan mutanen da suka ga tokar kujerunsu da littattafansu. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 kuma, takunkumin ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO ko ECOWAS, da yanke wutar da ke zuwa daga Nijeriya da rufe iyakar Benin sun sa shinkafa da magani sun yi tsada, buƙatun taron addu'a a Yamai suka koma kan kuɗin haya da cefane.

Saɓani a tsakanin masu bi

Ba duka suke fahimtar dogara iri ɗaya ba. Wa'azin arziki, wanda ya shigo ta wasu sababbin ikilisiyoyi da tashoshin talabijin na ƙasashen kurmi, yana koyar da cewa mai cikakkiyar bangaskiya ba ya zama cikin talauci ko ciwo, kuma baiko, wato kyautar da ake bayarwa a majami'a, iri ne da ake shukawa don a girbi ninkinsa. Fastocin tsofaffin ikilisiyoyi da limaman Katolika suna ƙin wannan, suna kafa hujja da ƙayar da ke jikin Bulus wadda ya roƙa sau 3 ba a cire ba, da addu'ar Yesu a Getsamani. Hujjarsu ta fi ƙarfi, domin illar wancan wa'azi a bayyane take: gwauruwar da ta yi addu'a da azumi, ɗanta kuma ya rasu da zazzaɓin cizon sauro, sai a ƙara mata nauyin zargin kanta a kan nauyin rashi. Akwai kuma tambayar magani, ko neman likita rashin bangaskiya ne. A jihar Tawa tarihin Galmi ya sauƙaƙa amsar, tun da a can an saba ganin addu'a da aikin tiyata a ƙarƙashin rufi guda, abin da ake ja a kai shi ne laya da zuwa wurin boka, waɗanda ikilisiyoyi suka hana amma tsoro yakan kai wasu gare su a ɓoye.

Idan kaka ta yi, ikilisiyoyin karkara suna yin sujadar godiya, kowane gida ya kawo abin da ya samu: damin hatsi, kwanon wake, buhun albasa, wani lokaci kaza. A shekarar da ruwa ya yi gardama ma ana yin ta, ko da abin da aka tara bai rufe tabarma ɗaya ba. Dattawa sukan ware wani kashi don mai bishara, wani kuma a ajiye shi a rumbun ikilisiya, ba a taɓa shi sai tsakiyar damina mai zuwa, lokacin da gwauraye da marayu za su fara auna tiyarsu ta ƙarshe.