Injin yanke ciyawa ya ƙi tashi? Kada a yi masa dairek

Da ruwan farko ya sauka, ciyawa ta fara tsiro a filayen ƙwallo na makarantu da harabar asibitoci da otal-otal, sai a tuna da injin yanke ciyawa na hawa da aka jingine a sito tun kaka. A karkaɗe masa ƙura, a zuba fetur, a murɗa makulli, shiru kake ji. Abin da ke biyo baya na sha ganinsa a yawon aikina na malamin gona. A kira yaron makanike, ya leƙa ƙarƙashin kujera, ya ce, "Oga, wannan makunnin ne, bari mu yi masa dairek." Ya datse wayoyi, ya murɗe su, ya naɗe da salatif. Inji ya tashi, kowa ya watse da murna.

Wannan makunni da aka kashe shi ne mai gadin ƙafar direba. Wuƙar da ke ƙarƙashin injin tana juyawa wajen sau 3,000 a minti ɗaya, bakinta kuma yana iya wuce gudun kilomita 300 a awa. Yawancin injunan da ke hannunmu 'yan gwanjo ne daga Amurka da Turai, irin su John Deere, Craftsman, MTD da Husqvarna. A can, bayan an daɗe ana ganin raunukan da suke jawowa, masu ƙera su suka mayar da makunnin kujera abin dole tun ƙarshen shekarun 1980: direba na barin kujera, wuƙa ta tsaya cikin 'yan daƙiƙu. Idan aka cire shi, mutum ya zame a gangare ko ya sauka ɗauke dutse, wuƙa ba ta san ya sauka ba.

Abin takaicin ma, sau da yawa makunnin kujerar ba shi da laifi. A injuna da dama ba shi ke hana sitata juyawa ba. Aikinsa kashe wutar fulogi ne idan ba kowa a kujera alhali wuƙa na aiki ko ba a kulle birki ba. Masu hana sitata motsi su ne makunnin birki da na sandar wuƙa, wato sandar da ake ja a kunna wuƙa. Wutar da ta fito daga batir sai ta bi ta fis, ta bi ta makulli, ta ratsa waɗannan biyun, kafin ta kai ga solinoyid, wato ɗan akwatin da ke sakar wa sitata babbar wuta. Ko'ina aka sami yankewa a wannan layi, sakamakon ɗaya ne.

Saboda haka kafin a taɓa waya, a saurara. Ka zauna daram a kujera, ka take birki har ƙasa, ka tabbatar sandar wuƙa ta koma mazauninta gaba ɗaya, giya tana firi, sannan ka murɗa. Kada a raina wannan: na taɓa tarar da injin da ya kwana uku a ajiye ana jiran kayan gyara, ashe sandar wuƙa ce ta tsaya rabin hanya saboda busasshiyar ciyawa ta cushe mata.

Idan ka ji ƙas, ko ƙas-ƙas-ƙas, to makunnan sun bar wuta ta wuce, a ƙyale su. Laifin na batir ne, ko kawunansa sun yi tsatsa, ko solinoyid, ko sitatar kanta. Batir mai lafiya yana nuna kusan bolt 12.6 a mitar gwajin wuta. Wanda ya yi wata shida ba caji a zafin bazara da wuya ya kai haka. Idan kuma sitata tana juya inji amma bai kama ba, a fara da tsohon fetur da ya daskare a kafireto, da fulogi, sannan a zo kan makunnin kujera.

Shiru ɗungurungum, in batir na da caji, shi ke nuna layin makunnai. A nan a cire makulli, a zare wayar fulogi, a ajiye inji a shimfiɗaɗɗen wuri. A duba fis tukuna, yana kusa da batir ko solinoyid. In ya ƙone a sa mai lamba iri ɗaya, ba zaren waya ba, ba takardar sigari ba. Daga nan a bi wayoyi da ido da hannu. Ɓera na son sito, yana kuma son robar waya. Ƙurar hunturu da laimar damina su kan haɗu su sa bakin soket ya yi kore, wuta ta kasa wucewa. Gogewa da busarwa kawai sun tayar da injuna da yawa.

Makunnin birki ɗan maɓalli ne da wani ƙarfe ke dannawa idan an taka feda. A tsohon inji ƙarfen kan lanƙwashe ko kusoshinsa su saki, sai feda ta kai ƙasa maɓallin bai dannu sosai ba. Wani ya taka, kai ka duba. Idan yana dannuwa, a zare soket, a sa mita a awon da take yin ƙara idan waya ta haɗu, a danna maɓallin da yatsa, a saki. Dole karatun ya sauya. Wasu makunnan ƙafa huɗu gare su, biyu na haɗuwa idan an danna, biyu na rabuwa, don haka a gwada kowane biyu daban. Wanda bai sauya ba ya mutu, a sayo irinsa da lambar da ke jikinsa ko lambar injin da ke manne ƙarƙashin kujera.

Masu zare soket ɗin kujera su sani, a wasu injuna akwai ɗan ƙarfe a cikinsa da ke kashe inji da zarar an zare, da gangan aka yi shi haka. Masu haɗa ƙusoshin solinoyid da sukundireba kuma, wannan ya tsallake makunnin birki da na sandar wuƙa lokaci ɗaya. In inji na cikin giya zai zabura, kai kuma kana tsaye a gabansa.

Bayan gyara a gwada a fili, ba kowa kusa. A kunna wuƙa, a ɗan ɗaga jiki daga kujera hannu na kan sitiyari. Inji ya mutu ko wuƙa ta tsaya nan take. In ba ta tsaya ba, wani ya riga ya yi dairek a baya, wataƙila tun kafin injin ya hau jirgi, sai a nemo inda aka naɗe a kwance.

Shugabannin makarantu, wannan naku ne. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ce kada wanda bai kai shekara 16 ba ya tuƙa injin hawa, kada kuma a goya yaro a kai. Ranar yankan ciyawa a fitar da ɗalibai daga filin, a tsince duwatsu da gwangwanaye kafin a fara, makulli kuma ya kwana a hannun mutum ɗaya.