Dokar da ta mai da faɗan sanda wasan ƙasa a Filifin

Ranar 11 ga Disamba, 2009, shugabar ƙasar Filifin ta lokacin, Gloria Macapagal-Arroyo, ta sa hannu a kan doka mai lamba 9850. Sanata Juan Miguel Zubiri ne ya tsaya mata a majalisa. Gajeriya ce ƙwarai, kuma abin da ta yi shi ne ayyana Arnis, wato faɗan sanda na gargajiyar Filifin, a matsayin dabarar faɗa ta ƙasa, kuma wasan ƙasa. Sai dai wanda ya san yadda malaman wannan fanni ke kishin gidajensu zai tambaya: wane Arnis ɗin? Domin salon ba ɗaya ba ne, ko sunan ma ba a taɓa haɗuwa a kansa ba.

A tsibirin Luzon, inda Manila take, an fi cewa Arnis. A Cebu da maƙwabtanta kuwa Eskrima ake cewa. Duka biyun daga Sifaniyanci aka aro su, gadon mulkin mallakar fiye da shekara 300: ta farko daga kalmar da ke nufin sulke, ta biyu daga wasan takobi. Suna na uku, Kali, ya fi tashe a Amurka da Turai, kuma har gobe ana gardama a kan asalinsa. Dokar ba ta raba wannan gardama ba. Ta ɗauki Arnis ta sa a gaba, sannan ta ce shi ne dai ake kira Eskrima, Kali, Garrote, har ta jero sunayen da ƙabilu ke kiransa da su, irin su Pananandata na Tagalog da Didja na Ilokano. Kowa an ambaci nasa, ba wanda zai ce an bar shi a baya.

Haka ta yi wajen bayyana abin da ake nufi da shi. Ta ce dabara ce ta asalin ƙasar da ake yi da lilo da juya makami, da duka, da suka, da karewa, yawanci da sanda ɗaya ko biyu ko wani abu makamancinsu, ko kuma da hannu da ƙafa zalla. A ganina da gangan aka buɗe ƙofar haka. Da an ƙuntata ta, da an kori rabin masu abin.

Dubi birnin Cebu kaɗai. A 1932 aka kafa ƙungiyar Doce Pares, wadda iyalan Cañete da Saavedra suka yi fice a cikinta, kuma ta tattaro malamai iri-iri: mai sanda ɗaya, mai biyu, mai takobi da wuƙa. Daga cikinta Venancio Bacon, wanda ake kira Anciong, ya ɓalle, ya riƙa koyarwa a bayan wani shagon gyaran agogo da ke titin Balintawak a farkon shekarun 1950, salon nasa ya ci sunan titin. Ana ba da labarin cewa malaminsa ne ya ƙwace masa wuƙar atisaye saboda yawan tsokanar abokan karatu da ita, shi ya sa ya koma sanda ɗaya. A Balintawak kusa-kusa ake yi, har kana jin numfashin abokin karawa. Hannun dama na duka, na hagu da ba shi da komai yana taɓawa, yana dannewa, yana kama sandar ɗayan kafin ta tashi. Malami na kawo duka, ɗalibi na tarewa yana ramawa nan take, sai ka ji sanduna na ƙara kamar ana sakwara.

Mai salon nesa, wanda suke kira largo, ba ya yarda ka matso. Yana ja da baya da ƙafa, ya bar sandarka ta wuce iska, ya sauke tasa a kan yatsunka. Su kuma masu sinawali sanda biyu suke riƙewa, hannuwa na shiga juna suna fita, kuma sunan ya fito ne daga saƙar gora da ake yin bangon ɗaki da ita, kamar dai zana. Akwai kuma waɗanda ke ganin sanda wakiliya ce kawai, ainihin makamin kaifi ne. Antonio Ilustrisimo, wanda ya zauna a unguwar Tondo ta Manila har rasuwarsa a 1997, yana cikin masu wannan ra'ayi, haka ma salon Pekiti-Tirsia na iyalan Tortal da Leo Gaje ya yaɗa. Wanda ya saba da adda ba zai kama makamin abokin gaba da tafin hannu yadda mai sanda ke yi ba. Shi kuwa Remy Presas, da ya kafa Modern Arnis, gyara ya yi don a iya koya wa ɗalibai ba tare da karya musu yatsu ba: a doki sanda maimakon hannu.

To me dokar ta wajabta a aikace? Abubuwa kaɗan ne. A sa alamar Arnis a hatimin Hukumar Wasanni ta Filifin. A sa shi ya zama gasar farko a ranar farko ta Palarong Pambansa, wato wasannin makarantu na ƙasa da ake yi kowace shekara. Hukumar Wasanni ce za ta jagoranci aiwatarwa, ita da Ma'aikatar Ilimi da hukumar raya al'adu su rubuta ƙa'idoji. Ba ta hana kowa koyar da salonsa ba, ba ta kuma naɗa wani gida sarkin sauran ba.

Rigimar da dokar ta kauce wa, a filin gasa take jira, domin dole alƙalin wasa ya san abin da zai ba maki. Akwai tsarin sanda tsirara, inda ake sa hular kwano mai raga da riga mai kauri, a yi ta ruwan duka, a ba da maki zagaye-zagaye kamar a damben zamani. Ƙungiyar WEKAF da aka kafa a Cebu a 1989 ce ta shahara da shi. Akwai na sanda mai soso, inda dukan da ya fara sauka da kyau ne ke cin maki. Na farko ya fi yi wa mai sauri da juriya daɗi, na biyu mai auna nisa. Masu salon kaifi sukan yi wa na farkon tsiya, su ce da adda ce ai sara ɗaya ya gama zance.

Da Filifin ta karɓi baƙuncin wasannin ƙasashen kudu maso gabashin Asiya a 2019, ba a zaɓi ɗaya an bar ɗaya ba. An yi sanda tsirara, an yi mai soso, an kuma yi anyo, wato nuna salo ba tare da abokin karawa ba. Cikin zinare 20 da aka raba, 'yan gida suka kwashe 14.