Waiwaye: Yadda gundumar Oymyakon ta cika da mutane, ta kuma watse

Gundumar Oymyakon tana gabashin Jamhuriyar Sakha a ƙasar Rasha, faɗinta ya kai kimanin murabba'in kilomita 92,300, hedkwatarta kuwa garin Ust-Nera ne, inda kogin Nera yake zuba a kogin Indigirka. An kafa ta a 1931. Duniya ta san ta da sanyi, domin a watan Fabrairun 1933 an auna digiri 67.7 ƙasa da sifili a ƙauyen Oymyakon. Amma abin da ya kawo mutane wurin, ya kuma kwashe su, zinare ne da kuɗin gwamnati.

Asalin mazauna yankin Yakutawa ne masu kiwon dawaki da shanu, da kuma Ebeniyawa makiyayan barewar ƙanƙara. A 1937 aka fara gina Ust-Nera bayan an gano zinare, ƙarƙashin hukumar Dalstroy ta gwamnatin Sobiyet, wadda ta yi amfani da fursunoni wajen haƙar ma'adinai da shimfiɗa hanyar Kolyma. Da aka rushe sansanonin fursuna, gwamnatin Sobiyet ta koma jawo ma'aikata da ƙarin albashi na musamman da dogon hutu da ritaya da wuri. Ƙidayar 1989 ta samu mutum kusan 31,000. Ta 2002 ta samu ƙasa da 15,000, ta 2010 kuma dubu goma da 'yan kai. Ust-Nera kanta ta sauko daga sama da 12,000 zuwa kimanin 6,500 tsakanin 1989 da 2010.

Dalilin yana cikin tsadar riƙe gari a irin wannan wuri. Kwarin Oymyakon yana tsakanin tsaunukan Cherskiy da Suntar-Khayata, iska mai sanyi tana gangarowa ta kwanta a ƙasa ba ta da mafita, shi ya sa kwarin ya fi kan dutse sanyi a hunturu. Ƙasar kuma daskararriya ce shekara da shekaru. Ana ɗora gida a kan ginshiƙai a bar sarari a ƙarƙashinsa. In ɗumin ɗaki ya taɓa ƙasa, ƙanƙarar cikinta ta narke, sai gini ya nutse ta gefe guda, bango ya tsage. Bututun ruwa ba a binne shi, a sama ake jan sa a naɗe da abin riƙe zafi, tare da bututun ruwan zafi na tukunyar da ke ɗumama gidajen gari. In tukunyar ta tsaya a tsakiyar Janairu, ruwa ya daskare a ciki, bututu ya fashe, unguwa guda ta zama ba ta zaunuwa. Kwal da man dizal da garin alkama duk daga nesa ake kawo su. Da tallafin gwamnati ya yanke bayan rushewar Tarayyar Sobiyet a 1991, garuruwan haƙo irin su Elginskiy da Olchan suka zama kufai.

Ƙauyukan Yakutawa, Tomtor da Oymyakon, ba su watse haka ba. Can da itace ake ɗumama gida, a sari ƙanƙarar kogi a jibge a ƙofar gida don ruwan sha, dokin Yakut kuma da kofatonsa yake tono ciyawa ƙarƙashin dusar ƙanƙara. Matsalarsu hanya ce: babbar hanyar Kolyma yanzu ta Ust-Nera take bi, su kuma sun koma kan tsohon reshenta.