Fedar Koras Ga Mai Kaɗa Jitar Bes: Tambayoyi Da Amsoshi Kafin A Saya

A birnin Katsina masu kaɗa jitar bes, wato jita mai kaurin murya, ba su da yawa, domin galibin waƙoƙin da ake bugawa a sitidiyo da fiyano ake haɗa kiɗansu, har da muryar bes ɗin. Amma 'yan kaɗan ɗin da ake gani a wuraren biki da majami'u da tarukan ɗalibai sun fara waiwayar ƙananan na'urorin nan da ake ajiyewa a ƙasa ana takawa domin sauya amon jita, waɗanda muke kira feda. Da yake sana'ata ita ce haɗa sauti a wuraren taro, tambayoyinsu kan biyo ta kaina, kuma fedar koras ce aka fi tambaya ta a kanta. Ga waɗanda suka fi maimaituwa, tare da amsar da nake bayarwa.

Mene ne ainihin aikin fedar koras?

Sunan nata yana nufin amshi, kuma daga wurin 'yan amshi aka ɗauko dabarar. Idan mawaƙi ya ba da waƙa mutum huɗu suka karɓa, baiti ɗaya suke rerawa, amma ba a samun biyu daga cikinsu da za su buɗe baki a lokaci guda daidai wa daida. Wani zai ɗan riga, wani zai ɗan makara, muryar wani kuma ta ɗan haura ta saura. Wannan ɗan saɓanin shi ne ke sa amshi ya cika kunne fiye da muryar mutum ɗaya. Fedar tana raba sautin jita gida biyu, ta bar ɗaya yadda ya fito, ta jinkirta ɗayan da lokaci ƙanƙane, kamar kashi 5 zuwa 30 cikin dubu na daƙiƙa, sannan ta riƙa ƙara jinkirin tana rage shi a kai a kai, abin da ke sa muryar kwafin ta riƙa ɗan hawa da sauka. Da an sake haɗa biyun sai kunne ya ji kamar jita biyu ne ke kaɗa abu ɗaya.

Kamfanin Roland na Japan ne ya yaɗa wannan amo da na'urarsa ta ƙara ƙarfin sauti, wato amfilifaya JC-120, a shekarar 1975, sannan a 1976 aka fitar da shi a matsayin feda mai zaman kanta, wato Boss CE-1, sai ƙaramar CE-2 ta biyo baya a 1979.

Tun da koras koras ne, me zai hana in ari ta abokina mai kaɗa ƙaramar jita?

Nan ne maganar take, kuma wanda ya fahimci wannan ya gama rabin zaɓensa. Tsirkiyar da ta fi kauri a jitar bes mai tsirkiya huɗu, wato E, tana girgiza kusan sau 41 a daƙiƙa, alhali takwararta ta ƙaramar jita tana yin sau 82. Sauran ukun, A da D da G, suna yin kusan sau 55 da 73 da 98. Girgiza ɗaya ta tsirkiyar E tana cin kusan kashi 24 cikin dubu na daƙiƙa, saboda haka idan feda ta jinkirta kwafin da kashi 12, to a daidai lokacin da sautin asali ke tura takardar sifika waje, kwafin yana janyo ta ciki. Sai su kashe juna. Da yake kuma jinkirin ba a tsaye yake ba, kaurin bes ɗin zai riƙa zuwa yana tafiya, ya cika yanzu, ya dushe an jima. Ƙaramar jita za ta iya jure wannan, domin ado take yi a saman kiɗa, amma bes shi ne turken da ganga da mawaƙi da masu rawa suka ɗaure a jiki, kuma turken da ke girgiɗi ba ya riƙe dabba.

Na ga wannan da idona a wani biki da aka yi a wani ɗakin taro da ke wajen Ƙofar Ƙaura. Wani matashi mai hannu mai kyau ya zo da fedar aro ta ƙaramar jita, ya murɗe maɓallanta har ƙarshe. A lokacin gwaji, shi kaɗai yana kaɗawa, amon ya yi daɗi har ma'aikatan wurin suka tsaya saurare. Amma da aka fara kiɗa da mai ganga, sai na ga matan da ke fili suna rawa suna waiwaye, ga allurar miksa, wato na'urar da nake haɗa sauti da ita, tana sama tana ƙasa ba tare da na taɓa komai ba. Da aka tsaya ya sauko ya ce mini, "Yaya, anya babbar sifikar nan taka lafiya take?" Na ce masa, "Ƙanena, sifika lafiyarta ƙalau, je ka taka abin da ke gaban ƙafarka." Yana kashe fedar kiɗan ya zauna daram.

To me fedar bes take da shi wanda waccan ba ta da shi?

Tana da matatar da ke keɓe sauti mai kauri ta bar shi ya wuce kai tsaye, sai siririn ɓangaren kawai ake jinkirtawa ana karkaɗawa. Kamfanin Boss ya fitar da CE-2B domin masu bes a 1987, sannan ya maye gurbinta da CEB-3 a 1995, wadda ke da maɓalli mai suna Low Filter, da shi mutum ke zaɓar iyakar ƙasan da koras zai taɓa. Fedar MXR M83 tana da madanni mai suna X-Over wanda ke rage karkaɗawar a sautin da ke ƙasa da girgiza 100 a daƙiƙa, kuma wanda ya duba alƙaluman da na kawo a sama zai ga cewa tushen muryar tsirkiyoyin huɗu duka, idan ba a danne su ba, yana ƙasa da wannan iyaka. Bass Clone ta kamfanin Electro-Harmonix ita ma tana da irin wannan madanni, haɗe da maɓallan ƙara kauri da siranta. A ganina, fedar da ba ta da matatar nan, ba ta kuma da maɓallin rage yawan kwafin da ake zubawa a kan sautin asali, bai kamata mai bes ya kashe kuɗinsa a kanta ba, komai kyan sunan da ke jikinta. Ga mai jita mai tsirkiya biyar abin ya fi tsanani, domin tsirkiyar B tasa tana sauka har kusan girgiza 31.

Analog ko dijital, wace ce ta fi?

An fi yin gardama a kan wannan fiye da yadda ya cancanta. Ta analog tana jinkirta sauti ne da wani ɗan guntun lantarki da aka ƙirƙira a kamfanin Philips a 1969, wanda aikinsa ya yi kama da na leburori a wurin zubin kankare, inda kowa ke miƙa wa na kusa da shi kwano har ya isa sama. Wanda aka sanya a cikin CE-2, mai lamba MN3007, yana da matakai 1,024 na irin wannan miƙo. Kamar yadda kwano ba ya isa sama ba tare da ya ɗan zube ba, haka sautin ke rasa wani abu daga kaifinsa a hanya, kuma wannan rashin ne ke ba shi taushin da masoyansa ke yabawa, ko da yake yakan zo da 'yar ƙarar shuu idan an yi tsit. Ta dijital tana mayar da sauti lissafi, kwafinta kan fito tas, amma takan fi cin wuta. A cikin ɗakin da aka rufe, kunne mai horo zai bambance su. A filin biki, tsakanin kalangu da guɗa da rurin janareta, ban taɓa haɗuwa da wanda ya iya ba.

Yaya ake saita ta, kuma a wane irin kiɗa take da amfani?

Maɓallai biyu ne ba a rasawa. Rate shi ne saurin hawa da saukar muryar kwafin, Depth kuma nisan da take yi kafin ta dawo. Na uku, wanda akan rubuta masa Level ko Mix, shi ne yawan kwafin. Ƙa'idar da nake bi ita ce idan ɗaya daga cikin biyun farko ya hau, ɗayan ya sauka, domin idan aka ɗaga su tare sai jita ta yi kamar ba a ɗaure tsirkiyarta daidai ba, mawaƙi kuma ya rasa muryar da zai bi. A fara da Rate a ƙasa sosai, Depth bai kai rabi ba, sannan a riƙa ƙara Level har a fara jin sa, a tsaya nan.

Koras ya fi fitowa a inda bes ke da sarari, kamar waƙa mai tafiya a hankali, ko gabatarwar da bes ke buɗewa shi kaɗai, ko kaɗawa a can kusa da cikin jita inda muryoyi ke da siranta. Peter Hook, tsohon mai bes na ƙungiyar New Order ta Ingila, da haka ya yi suna, yana kaɗa karin waƙa a saman wuyan jita da koras a kunne. Amma a kiɗan rawa mai sauri, inda aikin bes shi ne ya faɗi tare da babbar ganga, gara a kashe ta. Feda ce ta wasu wurare a cikin waƙa, shi ya sa aka yi mata abin takawa.

Me ya kamata in sani game da wutar da take ci?

A ƙasarmu wannan ya fi maganar analog da dijital muhimmanci nesa ba kusa ba. Galibin fedojin nan wuta mai ƙarfin bolt 9 suke ci, kuma tsakiyar bakin adaftarsu shi ne ɓangaren ragi (−), saɓanin yawancin adaftocin da ke yawo a kasuwa na rediyo da na'urar intanet, waɗanda tsakiyarsu ɓangaren ƙari (+) ne, da yawansu kuma bolt 12 suke bayarwa. Bakin zai shiga daidai, amma yana iya ƙona fedar nan take. A duba ɗan zanen da ke jikin adafta da wanda ke jikin feda, a tabbatar sun dace. Haka nan adaftar da ta zo daga Amurka tana iya zama ta wutar bolt 120 kaɗai, mu kuwa tamu 230 ce.

Akwai kuma gunjin da adafta marar kyau ke shigarwa cikin sauti. Wutarmu tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, muryar G da ke gaɓa ta uku a kan tsirkiyar E kuwa sau 49 take girgiza, wato gunjin yana zaune ne a tsakiyar gidan bes, ba yadda za a yi a rage shi a miksa ba tare da an yanki naman jitar ba. Saboda haka a wurin da janareta ke aiki nakan ba da shawarar a yi amfani da batir mai bolt 9, wanda ba ya kawo gunji ko kaɗan. Sai dai a tuna cewa cusa wayar jita a bakin shiga shi ne ke kunna fedar, ko da fitilarta a kashe take, don haka wanda ya bar waya a ciki ya kwana zai iske batir ya mutu. 'Yan ƙananan fedojin nan masu siririn jiki kuwa ba su da gurbin batir sam.

A ina zan jona ta idan ina da wasu fedojin?

Bayan na'urar daidaita tsirkiya da mai matse sauti da mai sa shi kaushi, amma kafin mai amsa-kuwwa.

Baki biyu na fita da nake gani a wasu, dole ne in yi amfani da su?

Ba dole ba ne. An yi su ne domin raba sauti hagu da dama, abin da ke da daɗi a sitidiyo ko a abin saurare na kunne. Kayan sautin da ake haya a yawancin bukukuwanmu kuwa hanya ɗaya suke fitar da komai, saboda haka baki ɗaya ya wadatar, wanda akan rubuta wa Mono a gefensa.

Kuɗina kaɗan ne. In sayi ta hannu, ko in nemi na'ura mai haɗa abubuwa da yawa?

Ga wanda bai tabbatar da cewa koras zai zauna a kiɗansa ba, na'ura irin Zoom B1 Four ta fi dacewa da farawa, domin tana ɗauke da koras da wasu amo masu yawa da abin daidaita tsirkiya, tana kuma aiki da ƙananan batura huɗu ko wayar USB, wato ko da abin cajin waya na tafi-da-gidanka za a iya tashinta. Illarta ita ce sauya saiti a tsakiyar kiɗa yana buƙatar dube-dube a ɗan allo, ba kamar murɗa maɓalli ba.

Fedar hannu kuwa babu laifi a kanta, musamman mai jikin ƙarfe, kuma da yake irin waɗannan kaya sai an nemo su daga Kano ko kasuwar Alaba ta Legas, yawancin waɗanda ke hannun mutanenmu dama gwanjo ne. Abin da na hana shi ne saye ta hoton waya. A je da jitar da za a riƙa kaɗawa, domin jita mai batir a ciki tana fitar da sauti mai ƙarfi wanda kan sa wasu fedoji su shaƙe. A murɗa kowane maɓalli daga farko zuwa ƙarshe ana saurare, domin ƙurar hunturu kan shige ciki ta sa shi ƙarar ƙaiƙayi. Wannan feshin wanke kayan lantarki na gyara shi, kuma dalili ne na neman ragi. A buɗe gurbin batir a duba ko tsohon batir ya taɓa zubewa ya ci wayoyin, a girgiza wayar jita a bakinta a ji ko sauti na yankewa, a taka madannin sau goma ko fiye a ga ko yana kamawa kowane lokaci. Daga nan sai a jona ta da babbar sifika, a sa wani ya riƙa buga ganga ko a kunna kiɗan ganga daga fiyano, a kaɗa tsirkiyar E a bar ta tana amo, a kunna fedar a kashe, a sake kunnawa, mutum yana tsaye nesa da sifikar kamar taku goma. Idan kaurin da ake ji a ƙirji ya ragu a duk lokacin da fitilar ta kama, kuma murɗa matatar bai dawo da shi ba, a mayar wa mai ita kayansa.