Tsirar da irin tsirrai masu cin ƙwari a gida

Tsirrai masu cin ƙwari su ne waɗanda ke kama ƙuda, sauro da tururuwa da ganyensu, su narkar da su, su tsotsi sinadarin naitirojin. Asalinsu dausayi ne mai tsami wanda ruwa ya wanke wa abinci, shi ya sa suka koma farauta. Charles Darwin ya rubuta littafi a kansu a 1875. Fitattunsu su ne Dionaea, mai ganye kamar tarko, wadda ba ta fitowa a daji sai a jihohin Carolina biyu na Amurka. Da Drosera mai gashi mai danƙo. Da Sarracenia da Nepenthes masu ganye kamar tulu. Ana samun wasu nau'o'in Drosera da Utricularia, mai 'yan jakunkuna masu zuƙe ƙananan halittu, a dausayoyin Najeriya.

Manomin Kura ko Haɗeja da ya saba renon tumatir zai tarar da komai a juye. Taki, na gida ko na zamani, ƙone saiwarsu yake yi. Ƙasar gona ma haka. Abin da ake amfani da shi gansakukar dausayi ce da ake shigowa da ita daga waje, a cuɗa ta da yashi mai tsabta, rabi da rabi. Wanda bai samu ba yakan gwada ɓawon kwakwa niƙaƙƙe, bayan ya jiƙa shi ya tsiyaye sau da yawa don gishirinsa ya fita. Mazubin roba mai huda a gindi ya fi tukunyar ƙasa.

Ruwa ne ke kayar da yawancin masu gwadawa. Na rijiya da na burtsatse suna ɗauke da gishirin ƙasa, wanda ke taruwa a mazubi sannu a hankali har tsiron ya mutu, mai shi bai san dalili ba. Fiya wata ma ba abin dogaro ba ne. Ruwan sama ake so, a bar na farko ya wanke ƙurar kwano, sannan a tara a rufaffiyar jarka wadda za ta kai mutum rani. Ana zuba shi a faranti ne, mazubin ya sha ta ƙasa.

Ba a binne irin. Yafa shi ake yi a saman damshi domin yana buƙatar haske, a rufe da farar leda, a ajiye inda akwai haske amma rana ba ta dukansa kai tsaye. Zafin digiri 20 zuwa 30 ya fi dacewa, don haka damina ce lokacinsa. Bazarar Kano, da kan haura digiri 40, dafa iri take yi a cikin leda. A riƙa buɗewa yana shan iska saboda fumfuna.

Irin Drosera kamar ƙura yake, yakan tsiro cikin mako 2 zuwa 4, kuma nau'in capensis na Afirka ta Kudu ya fi sauƙi ga ɗan koyo. Sarracenia sai irinta ya yi kamar mako 4 zuwa 6 a firij cikin damshi, abin da ke wuya inda wutar lantarki ba ta tsayawa. Sanyin randa bai isa ba. Dionaea tana tsirowa ba gardama, amma takan shekara 3 zuwa 4 kafin ta girma, kuma kowace shekara tana son barcin sanyi na wajen wata uku, wanda hunturun Jigawa bai kai ya ba ta ba.