Ruth Draper

Ruth Draper (1884–1956) 'yar wasan dandamali ce daga Amurka wadda ta yi suna da wasan mutum ɗaya. Ita kaɗai take fitowa gaban 'yan kallo, ta ari bakin wata mace da ta ƙago, ta yi ta zance da mutanen da ido ba ya gani. Ita ke tsara wasanninta da kanta.

An haife ta a birnin New York ranar 2 ga Disamba 1884. Mahaifinta likita ne, kakanta na wajen uwa kuwa shi ne Charles A. Dana, editan jaridar New York Sun. Tun tana ƙarama take kwaikwayon mutane a gida, daga baya ta riƙa yi a falon masu hannu da shuni da tarukan neman taimako. Ba ta mayar da abin sana'a sosai ba sai a 1920, tana da shekara 35, lokacin da ta fito a zauren Aeolian na Landan.

Kayan aikinta ba su taka kara sun karya ba: kujera, wani lokaci tebur, sai mayafi ko hula. Da ta sauya yafen mayafi ta zama wata. Amma asirin gwanintarta yana wajen sauraro. Takan yi tambaya ta yi shiru, tana kallon inda mai amsa yake, fuskarta na sauyawa da abin da ya faɗa, har mai kallo ya ji amsar a ransa alhali babu wanda ya furta ta.

Wasanta da aka fi sani shi ne The Italian Lesson. Wata attajira ce ta zauna da malamarta za su karanta waƙar Dante, shahararren marubucin waƙoƙi na Italiya, da Italiyanci. Tana fara baitin farko waya ta buga. Yara su shigo, kuku na jiran a faɗa mata abincin dare, ga ɗan kwikwiyo, ga ƙawaye a waya, ita kuma tana ta yabon daɗin waƙar da ba ta wuce farkonta ba. Ana cikin dariya sai kiran masoyinta na ɓoye ya shigo, muryarta ta yi laushi, a nan ake gane kaɗaicin da ke ƙarƙashin hayaniyar. Draper ba ta wulaƙanta matan da take kwaikwayo, kuma wannan ne ya ɗaga ta sama da mai barkwanci kawai. A wasan The Actress ma har yare ta ƙirƙiro mai amon harsunan gabashin Turai.

Masoyinta, marubucin waƙoƙi ɗan Italiya Lauro de Bosis, ya tuƙa jirgin sama a kan birnin Rum a Oktoban 1931 yana watsa takardun adawa da mulkin kama-karya na Mussolini a Italiya, bai sake dawowa ba. Ta ba da kuɗi aka kafa gurbin koyar da al'adun Italiya da sunansa a Jami'ar Harvard.

A 1951 Birtaniya ta ba ta lambar girma ta CBE. Ta rasu ranar 30 ga Disamba 1956, sa'o'i kaɗan bayan ta sauko daga dandamali a Broadway, cibiyar gidajen wasan kwaikwayo ta New York. A shekarunta na ƙarshe kamfanin RCA Victor ya naɗi muryarta a faifai, kuma ta nan ne masu tasowa irin su Lily Tomlin, 'yar wasan barkwanci ta Amurka, suka san ta. 'Yar wasa Joyce Grenfell ta Ingila, wadda 'yar uwarta ce ta nesa, ita ma a wurinta ta ga hanya.