Jinkirin neman kuɗin rashin aiki a Kanada

A Kanada, ma'aikacin da ya rasa aiki ba da laifinsa ba yana iya neman tallafi daga inshorar aiki, tsarin da aka kafa a 1940, wanda dokar 1996 ke tafiyar da shi a yau. Ana biyan kashi 55 cikin 100 na matsakaicin albashin mako, zuwa wani iyaka, tsawon mako 14 zuwa 45. Hukumar Service Canada ce ke karɓar buƙatu, kuma tana gargaɗin cewa wanda ya wuce mako huɗu bayan ranar aikinsa ta ƙarshe yana iya yin asara.

Asarar daga lissafi take zuwa. Ana ƙirga awoyin da mutum ya yi aiki cikin mako 52 kafin buƙatarsa, kuma sai ya tara awa 420 zuwa 700, gwargwadon yawan marasa aiki a yankinsa. Duk makon da ya zauna bai nema ba, wani makon aiki na baya yana fita daga lissafin.

Sashe na 10(4) na dokar ya ba da damar mayar da ranar buƙata baya, bisa sharaɗi biyu: mutum ya cancanta a waccan ranar, kuma yana da ƙwaƙƙwaran uzuri na dukkan kwanakin jinkirin. A shari'ar Albrecht ta 1985, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Tarayya ta ce ma'aunin shi ne abin da mai hankali zai yi a irin halin don ya binciki haƙƙinsa. Kwanciya a asibiti, ko bayanin kuskure daga bakin jami'in hukumar, na iya zama uzuri. Rashin sanin doka shi kaɗai ba ya isa.

Nan ne abin ke da ciwo. Wani yakan yi wata uku yana jiran takardar shaidar aiki daga tsohon maigidansa, alhali ana iya nema ba tare da ita ba. Wani kuma kunya ce ta hana shi, ya ci gaba da yawon neman aiki da ɗan abin da ya ajiye har ya ƙare. Sau da yawa ana ƙin irin wannan uzuri, kuma baƙon da bai san tsarin ba ya fi kowa faɗawa ciki.

Wanda aka ƙi yana da kwana 30 ya nemi a sake duba hukuncin kafin ya ɗaukaka ƙara.